Wayoyin da Ake Bar Mana Ranar Juma'a

Ba zan faɗi sunana ba. Ba tsoron kowa nake ji ba, sunan ne ba nawa ni kaɗai ba, akwai na mahaifina a jikinsa, kuma abin da na ja masa a baya ya ishe shi. Ku dai sani ni ɗan Rigasa ne a Kaduna. A nan aka haife ni, a nan na yi wayo, a nan kuma na aikata abin da ya kai ni gidan yari. Ina wannan rubutu ne saboda samari da 'yan mata irina, musamman waɗanda Allah ya ba saurin hannu a kan waya, waɗanda iyaye da maƙwabta ke miƙo wa waya su ce, "Ɗan duba mini nan."

Mahaifina mai gyaran rediyo ne. Shagonsa ƙarami ne, yana fuskantar masallacin Juma'a na unguwarmu, titi ne kawai ya raba su. Da kasuwar rediyo ta fara ja baya, sai ya sayi ɗan janareta, ya kafa katako mai ramukan caji a bango, ya haɗa da sayar da katin waya. Baba ba mai kuɗi ba ne, amma yana da abin da masu kuɗin unguwar ke zuwa nema a wurinsa. Mai tafiya ƙauye yakan bar masa makullin gida. Mata masu adashi su kan ba shi ajiya. Ban taɓa ganin ya rubuta wa wani takarda ba, ban kuma taɓa jin an zo an ce wani abu ya ɓata ba.

Akwai wata al'ada da ta kafu a shagon ba tare da wani ya tsara ta ba. Duk ranar Juma'a, dattawa kafin su shiga masallaci sai su tsallako su bar wayoyinsu a wurin Baba. Wani tsoron 'yan sane yake ji a cikin cunkoso, wani kunya yake gudu kada waya ta yi ta kuka liman yana huɗuba shi kuma bai san inda ake kashe ta ba, wani kuma gidansa an kwana uku ba wuta. Baba ya ɗauki cajin Juma'a a matsayin sadakarsa, ba ya karɓar ko sisi. Ba ya manna lamba a jikin waya. Ya san ta kowa kamar yadda ya san fuskar mai ita: wannan mai ɗaure da kyauro ta Malam Isa tela ce, waccan mai tsagaggen gilashi ta ladan ce. Yawancinsu ƙananan wayoyi ne masu madannai, ba wata lambar sirri a kansu. Masu su ma ba su ga dalilin kulle abin da za su bar wa Baba ba.

Ni kuwa na gama sakandare, na yi difloma, na zaga ofisoshi da takardu har takalmina ya cinye, ban samu aiki ba. Sai na dawo shago. Ni ke loda wa mutane kati, domin yawancin dattawan nan idan suka sayi kati ba sa kankarewa da kansu, haɗawa suke da wayar su miƙo. Ni ke riƙe da katin bankin Baba, ni ke zuwa saro kaya. Ranar Juma'a kuma ni ke gadin shago idan an tafi salla, a kan cewa da zarar an sallame Baba ya dawo, zan hau keke in tafi wani masallaci ta wajen Kinkinau inda suke ɗan makara. Da farko ina zuwa. Wannan gaskiya ce, kuma ina so a rubuta mini ita.

Wata rana wani tsohon ɗan ajinmu mai suna Nasiru ya tsaya a shagon da mota. Ya yi ƙiba, agogonsa na ƙyalli. Ya ce in zo ofishinsa a Mando. Na je na tarar ofishin ɗaki ɗaya ne da fanka da kwamfuta biyu. Ya yi mini bayani cewa akwai wani ƙaramin kamfani da yake yi wa aiki, suna aika wa mutane saƙonni kullum: sakamakon ƙwallo, kacici-kacici, shawarwarin soyayya da makamantansu. Duk wanda ya shiga, kamfanin layinsa ne zai riƙa cire masa 'yan nairori daga kati kowace rana, ya miƙa wa wancan kamfanin kasonsa. Idan na zama wakili za a ba ni lamba tawa, duk wanda ya shiga ta kanta ina da kamasho muddin yana ciki.

Na ce, "To ai sai mutum ya yarda."

Ya ce, "Wayarsa ce za ta yarda. A danna lamba, a danna ɗaya, shi ke nan."

Na gane abin da yake nufi, amma na yi kamar ban gane ba. Rajista tana buƙatar katin shaida da asusun banki mai motsi da adireshin shago. Ni asusuna ya daɗe da mutuwa. Na dawo na ce wa Baba masu ba mu sarin kati suna sabunta takardu. Ya ciro katin shaidarsa daga aljihun 'yar shara ya miƙo mini, ko ɗago kai bai yi daga rediyon da yake gyara ba. Inda aka ce a sa hannu, ya sa.

Na fara da hanyar gaskiya. Na yi ta lallashin samarin unguwa su shiga na ƙwallo. 'Yan kaɗan suka shiga, bayan kwana biyu suka fita, suka ce abin da ake turo musu sun riga sun gani a gidan kallo. Ƙarshen wata abin da na samu ko kuɗin motar zuwa Mando bai kai ba. Nasiru ya yi dariya ya ce, "Kai da kake zaune a kan rijiya kake kukan ƙishi? Waya nawa ke kwana a hannunka?"

Wayar da na fara gwadawa a kai ta Baba ce. Na gaya wa kaina gwaji ne kawai, in ga yadda abin ke tafiya, gobe in cire. Na danna lambar, na danna ɗaya, saƙo ya shigo cewa an shiga, na goge saƙon. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Gobe ta yi ban cire ba. Bayan kwanaki na ji Baba yana ƙorafi cewa katinsa ba ya albarka yanzu, ya ce, "Masu layin nan ba sa tsoron Allah." Na ce, "Wallahi kuwa, Baba." Har yau idan na tuna bakina ne ya faɗi wannan, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan sai na koma kan masu miƙo kati. Tsohuwa ta miƙo waya da kati, in loda mata, in ƙara da nawa, ta karɓa tana sa mini albarka. Amma wannan ɗaya-ɗaya ne, kuma mai waya yana tsaye a kaina. Juma'a ita ce kasuwa. Da an tayar da salla titi ya yi tsit, wayoyi na jere a gabana kamar kifi a faranti, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina jin muryar liman ta lasifika yana karatu, yatsuna suna aiki. Kafin a sallame na gama, na goge saƙonni, na mayar da kowace raminta. Baba ya dawo, in ce na tafi masallaci, in hau keke in wuce Mando in ci shinkafa da kaza tare da Nasiru. Na fi shekara goshina bai taɓa ƙasa ranar Juma'a ba.

Abin da ya sa sana'ar ta daɗe shi ne kuɗin da ake cirewa kaɗan ne. Ba wanda zai tafi caji ofis a kan naira ashirin ko hamsin. Saƙonnin kuma da Turanci suke zuwa, dattawan suna ɗauka talla ce irin wadda aka saba. Wanda ya lura katinsa na ƙarewa sai ya zagi kamfanin layi, ko ya zargi 'ya'yansa. Na san gidan da aka yi wa yarinya dukan tsiya a kan wai tana satar kira da wayar uwarta. Na ji labarin a shago, na girgiza kai tare da kowa. Ni kuwa na sayi babbar waya, na ɗinka shaddodi. Da Inna, mahaifiyata, ta tambaye ni, na ce ina wani aikin kwamfuta a Mando.

Wanda ya kawo ƙarshen abin shi ne Malam Yakubu, wanda unguwa ke kira Akawu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi shekaru talatin da wani abu yana bin fayil daga tebur zuwa tebur har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, kullum da biro biyu a aljihu, kuma mutum ne da idan mai shago ya riƙe masa canjin naira goma zai dawo gobe ya karɓa. Abokin Baba ne tun suna samari, a sahu ɗaya suke tsayawa. Da ina da hankali da na tsallake wayarsa. Ban tsallake ba.

Wata Talata ya zo shago da wayar a hannu ya ce, "Ɗana, duba mini. Na sa kati shekaranjiya, 'yata kawai na kira, yau an ce ba ni da ko kwabo." Na yi ta latse-latse ina ɓata fuska kamar likita. Na ce ai wani tsari aka sa shi, na shawarwarin soyayya. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Soyayya? Ni da jikoki goma sha ɗaya?" Duk shagon aka fashe da dariya har da Baba. Na cire masa a gabansa, ya yi mini godiya, har ya ba ni na goro na ƙi karɓa.

Da na tsaya a nan, wataƙila da har yanzu ban rubuta wannan ba. Amma Juma'a na zagayowa na ga wayarsa a jikin katako, hannuna ya riga tunanina. Na ce a raina tsoho ne, ba zai ƙara lura ba. Wannan karon na sa shi a na ƙwallo.

Bai dawo wurina ba. Daga baya, a kotu, na ji duk hanyar da ya bi, kuma zan faɗe ta dalla-dalla domin ita ce hanyar da ya kamata kowa ya bi. Ya fara kiran lambar koke ta kamfanin layinsa. Aka ce masa shi ya shiga da kansa, za a cire shi. Ya ce cirewa daban, mayar da kuɗinsa daban, kuma yana so a gaya masa wane ne ke karɓar kuɗin. Aka ba shi lambar koke, ya rubuta ta a littafi tare da sunan yarinyar da ta amsa da lokacin da suka yi magana. Da mako ya wuce shiru, ya sa babbar riga ya tafi ofishinsu, ya zauna. Aka ce ya dawo gobe, ya ce shi ɗan fansho ne, ba inda za shi, yana nan. Ya ce tun da sun ce ya amince, su nuna masa a takarda ranar da ya amince da kuma ƙarfe nawa. Da suka yi masa jan ƙafa, ya rubuta takardar koke zuwa hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, kwafi uku, ya sa aka buga masa hatimin karɓa a nasa. Ƙarshe dai aka ba shi takardar.

Takardar ta nuna sau biyu aka sa shi, duka ranar Juma'a, duka 'yan mintoci bayan ƙarfe biyu saura kwata. Wannan shi ne lokacin da ake tayar da salla a masallacinmu, rani da damina. Malam Yakubu ya ce da ya ga haka sai ya ninke takardar ya daɗe a zaune. Ya san inda goshinsa yake a wannan lokacin, ya kuma san inda wayarsa take.

Bai yi hayaniya ba. Ya bi dattawan majalisarsu ɗaya-ɗaya yana tambaya ko katinsu na ƙarewa. Ya kwashe su a mota zuwa ofishin, kowa ya nemi tasa takardar. Malam Isa tela, ladan, mai unguwa, duk labari ɗaya: ranar Juma'a, ana cikin salla. Nasiru ya koya mini goge saƙo, bai taɓa gaya mini cewa na'ura tana riƙe lokaci ba. Ni kuma na zaɓi lokacin da ba mai ganina, ban yi tunanin shi ne lokaci ɗaya tak a mako da kowane mai waya yake da shaidu ɗaruruwa cewa wayar ba ta hannunsa. Da hukuma ta bi diddigin lambar wakilin da aka shiga ta kanta, sai ga suna da hoto da sa hannun mahaifina.

Ranar Litinin da hantsi aka zo. Ina Mando lokacin. Ƙanwata ta kira ni tana kuka ta ce 'yan sanda sun tafi da Baba, an sa masa ankwa a gaban shago, mutane sun cika titi. Na juya zan gaya wa Nasiru, na ga yana zare wayoyin kwamfuta. Ya ce in kashe wayata in ɓace na ɗan lokaci, tsoho ne, ba za su riƙe shi ba. Tun daga ranar ban ƙara sa shi a ido ba. Na tafi ɗakin wani abokina a Kinkinau na kulle kaina. Kwana biyu ina ciki. Ina so in ce tunanin Baba ne ya hana ni cin abinci, amma gaskiya tsoron kaina ne.

Rana ta uku da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Yakubu ne, shi kaɗai, da fayil a hammata. Inna ce ta gaya masa inda zan iya kasancewa. Ya ƙi zama. Ya ce, "Na je na gaya wa 'yan sanda ba mahaifinka ba ne. Kafaɗata tana jikin tasa a duk lokutan da ke cikin takardun nan. Sun ce sun ji, amma sunansa ne a rajista, asusunsa ne kuɗi ke shiga, sai ya faɗi wanda yake bari a shago. Ka san abin da ya ce musu?"

Na ce a'a.

"Ya ce shagonsa ne, shi ya karɓi wayoyin da hannunsa, shi za a tambaya. Kwana biyu ke nan ba su samu wata magana daga bakinsa ba bayan wannan. Gobe za su kai shi kotu. Mutum ne mai hawan jini, kuma a kan siminti yake kwana." Ya gyara fayil ɗinsa ya ce, "Ni ban zo da ɗan sanda ba, ɗana. Na zo da mai keke, yana waje yana jira. In ka ga dama ka fito, in ba ka ga dama ba in biya shi in tafi."

Na fito. Ba jarumta ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Kunya ce ta fi tsoro nauyi a wannan safiyar.

A caji ofis na faɗi komai, aka rubuta, na sa hannu. Aka fito da Baba daga bayan kanta ba hula, rigarsa ta yi datti. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a cikin mutane ba sai ranar. Na durƙusa na kama ƙafarsa. Bai ture ni ba, bai kuma dube ni ba. Abin da ya tambaye ni ɗaya ne: "Juma'ar da kake cewa kana zuwa Kinkinau, kana zuwa?" Na ce a'a. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya karɓi hularsa a wurin ɗan sanda ya fita.

Shari'a ba ta ja ba tun da na amsa laifi. Kamfanin da Nasiru ke yi wa aiki ya aiko lauya ya ce su ba su san ana haka ba, wakili ne ya ci amanarsu. Waɗanda suka kai koke a rubuce an mayar musu da wani abu a katinsu. Waɗanda ba su kai ba, irin tsofaffin matan nan masu sa mini albarka, ba su samu komai ba. Ranar yanke hukunci mai gabatar da ƙara ya karanto lambobin da aka shigar ta hannuna bi da bi, daga ta farko. Baba yana zaune a benci na biyu. Baba bai iya Turanci ba, amma ya san lambar wayarsa. Na ga lokacin da ya ɗago kai. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Wake ne da ƙwari, da cunkoso, da ƙaiƙayi, da jiran ranar ziyara. Akwai masu fashi a ɗakinmu, da suka ji abin da ya kawo ni suka yi ta dariya, suka sa mini suna Naira Hamsin. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi aƙalla waɗanda ya tare ba su taɓa ce masa Allah ya yi albarka ba. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. A can na koma salla, na kuma koyi ɗinki. Inna tana zuwa duk wata da ƙuli-ƙuli da gari. Ita ta gaya mini Baba ya sayar da janareta, ya bi gidajen mutane ɗaya-ɗaya yana ba da haƙuri, yana miƙa abin da ya samu. Wasu suka karɓa, wasu suka ce ya bar shi, wasu suka ƙi fitowa. Gidan da aka doki yarinyar nan ya je sau biyu. Shi da kansa bai zo wurina ba ko sau ɗaya.

Da na fito na iso gida da la'asar. Baba yana tsakar gida yana alwala. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Tashi ka ci abinci." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka yanke mini hukunci. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Na samu aikin ɗinki a wurin Malam Isa tela, wanda wayarsa tana cikin waɗanda na taɓa. Shi ya kira ni da kansa, Allah ya saka masa. Malam Yakubu yana amsa gaisuwata, har yakan tambayi aiki. Shagon Baba yana nan, amma ya koma rediyo kaɗai, katakon cajin an cire shi, sai ramukan ƙusa a bango. Ranar Juma'a dattawa suna wucewa ta gabansa, su ɗaga masa hannu, su shiga masallaci da wayoyinsu a aljihu. Wani lokaci ana tsakar huɗuba sai ka ji wata tana kuka, mai ita yana ta lalube. Duk sanda na ji haka sai in sunkuyar da kai, don na san dalili.

Wata ranar Asabar, bayan na fi wata shida da fitowa, ina zaune a benci a shagon Baba muna hira. Hira sosai, har yana ba ni labarin wani rediyo da ya gagare shi. Idonsa ya yi rauni yanzu, ƙananan lambobi ba ya ganinsu. Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa da katin da ya saya. Ba tare da tunani ba na miƙa hannu, kamar yadda na saba tun ina yaro. Ya dubi hannun nawa. Bai ɓata fuska ba. Ya miƙe a hankali, ya sa takalmi, ya tsallaka titi cikin rana zuwa wurin mai kemis, ya miƙa masa. Ina kallo aka loda masa, ya yi godiya, ya tsallako, ya zauna, ya ci gaba da labarin rediyon daga inda ya tsaya.

Na fi son ya mare ni. Shekara biyu na yi a gidan yari, amma a wannan tsallaka titin na san abin da na sata.

To ku masu karanta wannan, ga abin da zan ce muku. Idan katinku ko na iyayenku yana ƙarewa ba dalili, kada ku tsaya zagi, kada kuma ku doki yaran gida. Ku yi irin ta Malam Yakubu. Ku kira kamfanin layi ku tambayi me ake cirewa kuma wa ke karɓa. Ku ce a cire, a kuma mayar da abin da aka ɗauka, ku karɓi lambar koke ku rubuta. In an ce kun amince, ku ce a nuna muku rana da lokaci. In an yi muku shiru, ku kai gaba a rubuce. Kada ƙanƙantar kuɗin ta sa ku ji kunyar tambaya, domin a kan wannan kunyar irina suke cin abinci. Ku zauna ku karanta wa tsofaffinku saƙonnin da ke shigo musu, ku sa musu lambar sirri.

Ku kuma masu saurin hannu, duk wanda ya zo muku da sana'ar da ake yi a wayar mutum ba da saninsa ba, ko da naira ɗaya ce, ku ce masa sata ce, ku tashi daga wurin. Ni ban fasa gidan kowa ba, ban taɓa riƙe wuƙa ba, miƙo mini aka yi da hannu biyu ana murmushi. Na tuba, ina fatan Allah ya karɓa. Mahaifina ya yafe mini, na kuma yarda har zuciyarsa ne. Muna cin abinci a kwano ɗaya, muna tsayawa a sahu ɗaya ranar Juma'a. Amma idan tsohonku ya miƙo muku wayarsa yau ya ce, "Ɗan duba mini nan," ku karɓa da hannu biyu, ku san abin da aka ba ku. Ni shekara uku ke nan ina zaune kusa da nawa ina jira ya sake faɗa mini haka.